Saura Maɓalli

Duk wanda ya taɓa kai wa Tela ɗinki ya san maganarsa uku ce, kuma kowace da fassararta. In ya ce maka "an yanka", yadinka yana nan a leda yadda ka kawo shi. In ya ce "gobe", ka je ka nemi wata rigar ka sa. In kuwa ya dube ka ido cikin ido, ya dafa ƙirji, ya ce "saura maɓalli", to sai haƙuri, don ko inda ya ajiye yadin bai tuna ba. Ba mugun mutum ba ne, kuma Allah ya yi masa hannu: ranar da ya ga dama ya ɗinka maka riga, sai ka rantse a cikinta aka haife ka. Shi ya sa mutanen unguwa suke tsine masa da safe, su kawo masa sabon yadi da yamma.

Shagon ɗaki ɗaya ne a jikin gidansa, da ƙofa biyu. Ɗaya tana kallon titi, ɗaya tana kallon tsakar gida. Keken ɗinki na ƙafa yana bakin taga, teburin yanka yana tsakiya, dutsen guga na gawayi yana ƙarƙashin teburin, sauran wurin kuwa ledojin mutane ne tun daga ƙasa har rufi. Ta ƙofar titi masu zagi suke shigowa. Ta ƙofar tsakar gida muryar matarsa take shigowa, tana ce masa shayi ya huce, ko tana gaya masa wanda ya zo ba ya nan, ko tana rera wata waƙa da ba ta taɓa kai ta ƙarshe ba. Shekara talatin da ɗaya yana ɗinki da wannan murya a bayansa, har ya daina jin ta, kamar yadda ya daina jin ƙarar keken.

Shi ne ya raɗa mata suna 'Yar Dutse, sunan kuma ya bi ta. A kan tsauni aka haife ta, a wani gida can ƙuryar duwatsu inda mota ba ta zuwa, waya ba ta kamawa. Tana 'yar shekara goma sha biyu aka sauko da ita gari wajen gwaggonta don karatu, a nan ta girma, a nan Tela ya gan ta. Shekarar da suka yi aure ta sayo yadi huɗu, shuɗi mai 'yan fararen furanni, ta ce ya ɗinka mata doguwar riga mai maɓalli a gaba. Ita za ta sa ranar da za ta hau da shi ya ga ɗakin da aka haife ta. Ya ce gobe. Suka haifi 'ya'ya huɗu, 'ya'yan suka girma suka kama gabansu. Mahaifiyarta ta sha saukowa, amma har Allah ya karɓi ranta ba ta ga surukinta a ƙofar gidanta ba. Duk bayan shekara biyu ko uku 'Yar Dutse takan tafi ita kaɗai, ta yi mako, ta dawo da faso a ƙafa. Rigar kuwa saura maɓalli.

Ranar wata Talata da hantsi ta shigo shagon. Ba ta tsaya a bakin ƙofa yadda ta saba ba, ta jawo kujerar masu jiran ɗinki ta zauna. Wannan kaɗai ya sa ƙafar Tela ta tsaya a kan keke.

"Malam, Yaya ya aiko," ta ce. "Gwiwa ta fara ba shi wahala, 'ya'yansa sun matsa ya sauko kafin damina. Shi kaɗai ya rage a can. In ya sauko, gidan ya mutu ke nan. Ranar Asabar zan tafi."

"Allah ya kiyaye hanya," in ji Tela.

"Ban gama ba. Ya ce in da wanda zai zauna da shi, ba inda za shi. Ni kuma na duba, yara sun tafi, ba wanda nake yi wa wanka. In ka bi ni, ka ga gidan, mu rufe shi tare mu sauko da Yaya. In ka ce mini gobe, ni kaɗai zan hau, kuma ban san ranar saukowa ba."

Kalmar ta taso har bakin leɓensa, don ta san hanya. Ya haɗiye ta da ƙyar.

"Asabar," ya ce. "Ai Asabar rana ce mai kyau."

Ta tashi ta fita. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne ba ta ambaci rigar ba. Da ya yi tunani, ta fi shekara goma ba ta ambace ta ba. Kowane tela ya san mai zuwa zagi bai yanke ƙauna ba tukuna, wanda ya daina zuwa shi ne ya tafi. Tela ya ji tsoro, tsoro na gaske, irin wanda bai taɓa ji ba ko ranar da wani ango ya zo masa da sanda.

Da yamma maƙwabcinsa ya leƙo, tsohon malamin makarantar nan da yara suke kira Malam Taswira, wanda wandonsa yake shagon tun kafin ya yi ritaya. Da ya ji labarin tafiya, ya koma gida ya ɗauko wata tsohuwar taswira ya shimfiɗa a teburin yanka.

"Ga inda mota take tsayawa. Gidan surukanka kuma wajen nan zai kasance."

Tela ya zare tef daga wuyansa ya ɗora a kai. "Inci uku. Malam, ko faɗin aljihu bai kai ba."

"Ka ga waɗannan layukan da suka matsu da juna?"

"Ado ne. Mu ma muna yi a wuyan riga."

"Ba ado ba ne, tsayi suke nunawa. Kai da ko bene za ka hau sai ka huta a tsakiya."

"Shekara arba'in ƙafar nan tana taka keke daga safe har magariba. In da keken yana tafiya, da na zaga duniya na dawo. Dutse kuma ba baƙona ba ne, kullum sai na ɗaga shi." Ya nuna dutsen guga da yatsan ƙafa.

Malam Taswira ya naɗe taswirarsa. "Allah ya kai ku lafiya. Wandona fa?"

"Saura maɓalli."

Laraba gaba ɗaya a neman yadin ta tafi. Ya rufe ƙofar tsakar gida ya ce ƙura yake kaɗewa, ya shiga sauke ledoji. Ya tarar da rigar makarantar wani yaro da yanzu shi ne hedimasta. Ya tarar da wandon Malam Taswira, wanda ko alli bai taɓa shi ba, ya mayar da shi a hankali. Can ƙasa, a bayan ƙafar tebur, ya sami shuɗin yadin. Ɓera bai taɓa shi ba, sai dai duk inda aka ninke shi ya koɗe, ya yi fararen layuka.

Mai hali ba ya fasa halinsa. Ranar Alhamis, maimakon ya kama rigar, sai ya ga ai mai hawan dutse yana bukatar riga ta musamman. Ya ɗinka wa kansa wata mai kauri, mai aljihu tara da manyan maɓallai shida masu ruwan ƙasa, ya tsaya gaban madubi yana juyi. Sai ranar Juma'a ya ɗora almakashi a kan shuɗin yadin. Bai auna ta ba, don in ya fito da tef asiri ya tonu. Bai ma bukaci awon ba. Hannunsa ya san faɗin kafaɗarta, ya san ta dama ta ɗan fi ta hagu sauka saboda ɗaukar bokiti. Layukan da suka koɗe kuwa ya yi musu dabara, ya tattare ƙugun rigar yadda kowane layi ya shige cikin tattara ya ɓuya. Tattara tana cin yadi, saura ƙiris yadi huɗun su gaza.

Asabar da safe, direba yana danna ham a titi, rigar ta kammala, an fasa ramukan maɓalli shida, amma maɓallan ba su hau ba. Ya zuba wasu 'yan farare masu sheƙi a ƙaramin gwangwani ya jefa a aljihu na huɗu. Ya ninke rigar ya tura ƙasan jaka. Sannan ya tsaya ya dubi dutsen guga. Riga za ta yamutse a jaka, kuma a wajensa ɗinki ba guga magana ce ba sallama. Ya juye tokar, ya naɗe dutsen a tsumma, ya ɗora a kan rigar.

Mota ta kai su inda kwalta ta ƙare. Wata akori-kura ta kai su inda hanyar ƙasa ta ƙare. Daga nan sai 'yar siririyar hanyar awaki da ta shige cikin ciyawa. 'Yar Dutse ta ɗaure gyale a ƙugu, ta ɗora ƙunshinta a ka, ta karyo sanda ta miƙa masa.

"Riƙe abinki," ya ce. "Wancan ne dutsen?"

"Shi ne na farko."

Bai ji ƙarshen maganar ba, don ya riga ya yi gaba. Minti goma na farko har waƙa ya yi. A minti na ashirin ya gano wani abu da bai taɓa lura da shi ba a shekara arba'in: taka keke a zaune ake yi. Cinyoyinsa suka fara rawa, numfashinsa ya koma kamar zuga-zugi, jakar ta riƙa dukansa a gadon baya da wani abu mai kusurwa. Ita kuwa tana gaba, ba sauri ba nawa, ƙunshin ko motsi ba ya yi. Da ta juyo ta sake miƙa masa sandar, ya karɓa kamar don kada ya ba ta kunya.

"Saura nawa?" ya tambaya, lokacin da suka kusa kan tudun.

Ba ta juyo ba. "Saura maɓalli."

Abin mamaki, Tela ya ji sanyi a ransa. Shi da bakinsa ya ƙirƙiro maganar, shi ya fi kowa sanin abin da ke cikinta, amma da ta shiga kunnensa sai ya ji daɗi kamar kowane mai jiran ɗinki. Ya ƙara mai, ya haye kan tudun yana shirin yin sallama. Ba gida, ba hayaƙi. Sai wani kwari mai zurfi a gabansa, da ƙorama a ƙasansa, da wani tsauni a ƙetare wanda ya ninka na farko biyu.

"Sauka za mu yi?" ya ce. "Duk hawan nan da na yi, mayar da shi zan yi?"

"Haka hanyar take."

"Wannan ai farke ɗinki ne."

A bakin ƙoramar suka zauna suka ci burodi da dafaffen ƙwai. Ta ɗaga jakarsa za ta matsar da ita daga ruwa, ta ji nauyi, ta zura hannu ta zaro abin da ke cikin tsumma. Ta daɗe tana kallonsa.

"Malam, dutse ka kawo wa dutse?"

"Ajiye mini abina."

"Ka bar shi a nan ƙarƙashin itacen nan. Ko biri ba zai sata ba."

"Na ce ki ajiye."

Ya karɓe jakar da sauri kada hannunta ya kai ƙasa. Ta girgiza kai, ta ce dama an gaya mata in mutum ya daɗe yana shaƙar hayaƙin gawayi abin yakan taɓa ƙwaƙwalwa.

Tsauni na biyu da hannu da ƙafa aka hau shi. Ƙaya ta kama aljihu na biyu ta yage shi. Wasu remaye, 'yan dabbobin nan na kan duwatsu, suka fito kan falalen dutse suka jeru suna kallonsa da baki a tsuke, irin kallon da mata suke yi masa in sun zo karɓar ɗinki. Iska ta fara sanyi, kunnuwansa suka toshe. Ya sake tambaya, ta sake cewa saura maɓalli. Wannan karon bai ji sanyi ba. Ya tuna hedimasta, ya tuna Malam Taswira, ya tuna wata tsohuwa da ta yi zuwa goma sha ɗaya da sandarta, kullum tana komawa da wannan magana, kullum tana sa masa albarka. Ya yi istigfari a ransa, don numfashin yin sa a baki babu.

Bayan tsauni na biyu hanyar ta bi ta gefen wani kwazazzabo. Faɗinta bai fi inci goma sha takwas ba, idon tela ba ya kuskuren wannan. Dama bango ne na dutse, hagu kuma babu komai sai iska da wani shaho yana shawagi a ƙasansu. Tela bai taɓa ganin bayan shaho ba sai ranar. Yana cikin kallonsa tsakuwa ta zame da shi, ya zauna daɓas, ya tafi da mazaunai kamar kamu biyu kafin sandar ta tokare shi. Gwangwanin ya fice daga aljihu na huɗu. Ya daki dutse, murfin ya yi nasa wuri, 'yan fararen maɓallan suka watse a iska suna sheƙi, suka tafi inda ko akuya ba za ta bi su ba.

"Mene ne wancan?" ta tambaya, tana riƙe da wuyan rigarsa.

"Ba komai."

"Har nan ma da shagon ka taho?"

Ya ja jiki ya jingina da bangon dutsen. Gwiwarsa ta ƙuje, kuma maɓallan rigar da ya ɗauko dutsen guga dominta sun tafi kwazazzabo. Shekara talatin da ɗaya, ga shi zai sake tsayawa gabanta da riga ba maɓalli.

"'Yar Dutse, ni dai nan ƙarfina ya ƙare," ya ce. "Ba zan iya ba."

Ya yi zaton za ta yi faɗa. Da ta yi, da ya ji sauƙi. Sai ta tsuguna, ta wanke masa gwiwar da ruwan gora, ta ajiye masa sauran burodin a kan cinya.

"To ka huta ka koma. Hanya ɗaya ce, ba za ka ɓata ba. Akori-kurar tana wucewa kafin magariba. Ka yi ƙoƙari, Malam, ban zaci za ka kawo nan ba."

Ta ɗora ƙunshinta ta tafi. Ya bi ta da ido tana ƙanƙancewa har ta sha kwana. Wurin ya yi tsit, irin shirun da bai taɓa ji ba, don ko a shago in ya tsayar da keke akwai murya a bayansa. Ya gane haka shagon zai koma daga ranar Litinin, kuma bai ga yadda zai ɗinka ko aljihu a cikin wannan shiru ba.

Yana zaune ya dubi inda suka fito. Daga nan sama ƙasar duk ta bayyana, tudu bayan tudu, kwari bayan kwari, an matse su waje guda. Ya ƙura ido. Sai ya yi wata 'yar dariya da ta ja masa ciwon haƙarƙari.

"Tattara ce," ya ce wa shahon. "Layukan Malam Taswira tattara ce. Inci uku a ido, yadi goma a ciki."

Abin da ya sani game da tattara shi ne ba a gama ta da fushi. Ɗaya bayan ɗaya ake kamawa, kuma ba a ɗaga kai a ƙirga nawa suka rage. Ya dafa sanda ya miƙe, ya gyara zaman dutsen guga a bayansa, ya sa ido a kan ƙafarsa. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu magana, sai dai a daɗe ba a je ba. Shi kuwa ya riga ya daɗe.

Bayan kwanar ya same ta zaune a kan dutse, wai ƙaya take cirewa. Ƙafar da ta riƙe ba ƙaya a cikinta. Ta miƙe suka ci gaba. Bai ƙara tambayar saura nawa ba, ashe kuma tudu ɗaya ne ya rage.

Da la'asar suka isa. Ɗakuna uku ne na dutse a wani fili mai gajeriyar ciyawa, biyu rufinsu ya rufta, ɗaya yana hayaƙi. Awaki suna kiwo, gajimare yana wucewa ta ƙasan gidan kamar ya ɓata hanya. Yaya yana zaune a bakin ƙofa, dogon tsoho mai farin gemu, ya miƙe ƙafa ɗaya. Ya dubi Tela tun daga hula har takalmi, ya ƙirga aljihunan da ido.

"Sannu da zuwa, suruki. An ce gobe za ka zo. Ashe yau ce goben."

"Yau ce, Yaya."

"Inna ta yi ta ajiye maka kujera. Ga ta can, awaki sun ɗan ci ƙafarta."

Tela ya zauna a kan kujerar, kunya ta rufe shi har ya manta da gwiwa. Da ya sha ruwa, 'Yar Dutse ta kai shi ɗakin tsakiya, wanda rabin rufinsa ya faɗa ciki. Ƙaramin ɗaki ne, bai kai shagonsa ba. Ta nuna masa kusurwar da aka haife ta, da wata 'yar taga da take hawa turmi ta leƙa ta ga duniya, da zanen da aka yi a bango ana auna tsawonta har shekarar da aka sauko da ita. Hannunsa ya tafi wuya neman tef, sai ya tuna ya bar shi a gida. Ya auna da taƙi, a hankali, ya ce ashe 'yar ƙarama ce ƙwarai aka raba ta da gida.

Da ta shiga gaisawa da Yaya sosai, ya roƙi garwashi a murhu ya zaga bayan gida. Akwai wani falalen dutse mai santsi, ya shimfiɗa tsumma a kai, ya fito da rigar. Yana cikin bin tattarar da bakin dutsen guga, yana hura garwashin, ya ji tsayuwar mutum a bayansa.

'Yar Dutse ce. Ta tsuguna ta taɓa wata farar fure da ɗan yatsa.

"Na ɗauka ka sayar da shi tuntuni," ta ce.

"Yana bayan ƙafar tebur."

"Ka gama?"

Tela ya ajiye dutsen guga. Ya nemi wata hanyar faɗa, ya rasa, don maganar ba ta da wata hanya.

"Saura maɓalli," ya ce.

Ta dube shi. Ya ga fuskarta tana shirin rufewa yadda take rufewa duk shekarun nan, sai ya ɗaga gaban rigar da sauri ya nuna mata ramuka shida a jere, kowane an bi bakinsa da zare.

"Wallahi wannan karon gaskiya ce. Su ne suka tafi kwazazzabo. Farare ne, masu sheƙi, da kin gan su."

"Na gan su," ta ce. Sai dariya ta ƙwace mata, ta zauna a kan dutsen tana yi tana share ido da gefen gyale, har bai san inda dariyar ta tsaya kukan ya fara ba. "Sau ɗaya a rayuwarka ka faɗi gaskiya, ita ma sai da ka hau tsauni uku."

Ya dubi rigar, ya dubi ƙirjinsa. Ya zaro reza daga aljihu na bakwai, allura da zare daga na takwas. Ɗaya bayan ɗaya ya yanke manyan maɓallan rigarsa. Ruwan ƙasa ne, na maza, kuma a kan shuɗi mai furanni ba su dace ba ko kaɗan. Da wani tela ya yi haka, da ya yi mako yana ba da labarinsa. Ya ɗan faɗaɗa ramukan da bakin reza, ya bi su da zare, ya ɗinke maɓallan yana cizon zare da haƙori, iska tana kaɗa rigarsa ta bar tumbinsa a fili.

Yaya ya zagayo yana ɗingishi, ya tsaya ya kalli tumbin.

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi," ya ce, ya koma ya kawo masa bargo.

Ta shiga ɗakin da aka haife ta ta sa rigar, ta fito. Ta zauna mata cif, har kafaɗar dama. Ta juya sau ɗaya a kan ciyawa, tattarar ta buɗe, fararen layukan suka leƙo suka koma. Tela yana ƙudundune a bargo a kan kujerar da awaki suka ci, yana rawar ɗari, ya ga wuyan ya ɗan so ya karkace, amma ya yi shiru da bakinsa.

Akwai tambayar da yake riƙe da ita tun daga bakin ƙorama. Ya ga in bai yi ta yanzu ba, sanyi zai kashe shi da ita a ciki.

"To, 'Yar Dutse. Yaushe za mu sauka?"

"Gobe," ta ce.

Shekara arba'in yana raba wa mutane wannan kalma kyauta, bai taɓa sanin haka take da nauyi a kunne ba. Ya dubi Yaya, Yaya yana kallon awakinsa. Ya dubi matarsa, tana ɓalla maɓallin sama, nasa, wanda ya yi mata girma a wuya.

"Goben tela," ya ce a hankali, "ko goben mutane?"

Ta gama ɓallawa, ta shafa shi da babban yatsa, ta bar shi ya ɗan jira.

"Ta mutane," ta ce. "Amma dutsenka kai za ka ɗauka."